Ɗaurin Talala a Bakin Kogin Wuri

Kawuna mutumin Garwa ne, a Binuwai ya koyi tuƙi, amma da ya zo Duwala sai da ya sake koyon ɗaure jirgi. Daga unguwar New Bell muke sammako zuwa bakin ruwa a Yupwe mu tari bandar da ake kawowa daga tsibirin Manoka, ni kuma aikina igiya.

Tun daga nesa ake kashe inji, kwale-kwale ya ƙaraso a hankali. Wanda ya shigo da gudu, farfela na tonon laka, ruwan da ya tayar na dukan gaɓa, masu wurin ba sa raga masa, kuma da gaskiyarsu. Sai a jefa anga ta baya, a soka doguwar sanda cikin laka ta gaba, nesa kaɗan da gaɓa. Ita ce turke.

Gwaninta tana wajen tsawon igiya. Binuwai sau ɗaya yake cika a shekara. Wuri kuwa, kogin Duwala, da teku yake numfashi: sau 2 a rana yake kawowa ya janye, tazarar takan kai mita 2, ta fi haka a tsayuwar wata da daren 14. Lokacin ma ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana jinkiri da kusan minti 50. Ka ɗaure tamau ruwa na cike, in ya janye jirgin ya rataya, nauyinsa ya fizgo abin da ka ɗaura a kai. Ka sake da yawa, ya kwana yana gogar gaɓa. Kawu yakan dubi shatin laka a jikin itace, ya auna gaba 2, ya ce, "Yaro, talala ake yi masa, kamar akuya mai ciki." Maɗaurin kuma sako-sako, yadda zai hau ya sauka a jikin sandar.

Abin da Kawu ya hana ni har abada shi ne ɗaurawa a saiwar matanda, itacen da ke riƙe lakar gaɓa. Na taɓa yi don ganda. Da asuba muka tarar saiwar ta tuge, gaɓa ta zabtare kamar taku 3, inda mata ke ajiye kwanduna. Bai dake ni ba. Buhunan yashi ya sa na yini ina jerawa, masu banda na kallo.