Horon Ubangiji da Sakamakon Nacewa Cikin Zunubi

Nassoshin Nazari: Luka 13:1-9, Ibraniyawa 12:5-11, 1 Sama'ila 2:12-36, 2 Sama'ila 12:1-14

Gabatarwa

A ranar Alhamis, 18 ga Oktoba, 2018, ana tsakiyar cin kasuwa a Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, wata 'yar gardama ta rikiɗe ta zama tarzoma. Kafin ƙura ta lafa, 'yan sanda suka ba da lissafin mutum 55 da suka rasa rayukansu. Washegari aka sace Agom Adara, Maiwada Raphael Galadima, bayan kimanin mako guda kuma aka tsinci gawarsa. Tun daga lokacin wata tambaya ta zauna a zukatan masu bi da yawa: shin wannan hukuncin Allah ne? Wannan darasi zai duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar game da horon Allah, da kuma inda nacewa cikin zunubi ke kai mutum.

1. Ba Kowace Masifa Ce Hukunci Ba

An taɓa kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta danne. Ya bayyana sarai cewa waɗanda suka mutu ba su fi sauran mutane laifi ba, sa'an nan ya juya ya kira masu sauraronsa ga tuba. Saboda haka babu wanda yake da izinin ce wa gwauruwa ko maraya a Kasuwan Magani zunubin mamacinsu ne ya jawo. Mutuwar waɗansu ba hujjar zargi ba ce, faɗakarwa ce ga masu rai su binciki zukatansu.

2. Horo Rabon Ɗa Ne

Marubucin Ibraniyawa ya kwatanta horon Allah da na uba ga ɗansa. Uba ba ya ɗaukar tsumagiya a kan ɗan maƙwabci, nasa yake tsauta wa, domin yana da buri a kansa. Horon yakan zo ta hanyar wa'azin da ya soki zuciya, ko lamirin da ya hana barci, ko tsawatawar ɗan'uwa, ko tonuwar asiri. Yana da ɗaci a lokacin, amma manufarsa tsarki ce, ƙarshensa kuwa adalci da salama. Abin tsoro ba zafin horo ba ne. Abin tsoro shi ne mutum ya ci gaba da zunubi har ya daina jin komai.

3. Jinkirin Allah Ba Yarda Ba Ne

Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli firist, sun daɗe suna ƙwace naman hadaya a Shilo, suna kuma lalata da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Ubansu ya yi musu magana amma bai hana su ba. Allah ya aiko wani annabi, ya sake magana ta bakin yaro Sama'ila, duk a banza. A rana ɗaya Filistiyawa suka kashe sojojin Isra'ila 30,000, suka ƙwace akwatin alkawari, 'ya'yan biyu suka mutu, Eli kuma, yana da shekara 98, ya faɗo daga kujera ya karye wuya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Bulus ya nuna a Romawa 2:4-5 cewa haƙurin Allah dama ce ta tuba, mai taurin zuciya kuwa fushi yake tara wa kansa.

4. Gafara Ba Ta Soke Girbi

Dawuda ya sha bamban da 'ya'yan Eli. Da annabi Natan ya tunkare shi a kan Batsheba da jinin Uriya, nan take ya amsa laifinsa, aka kuwa gafarta masa. Duk da haka jaririn ya mutu, Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya tayar wa ubansa. Abin da mutum ya shuka shi zai girba, sau da yawa kuma iyalinsa da al'ummarsa sukan girba tare da shi.

5. Aikatawa

Zunubin da ake nacewa a ciki yawanci ba ya da ƙara. Ga dattijon ikkilisiya mai auna masara da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, alhali Amos 8:5 ya la'anci wannan. Ga uban da kowane dare yake cusa wa 'ya'yansa ƙin wata kabila ko masu wani addini. Tartsatsi ba ya cin daji sai ya tarar da busasshiyar ciyawa, ƙiyayyar da aka adana shekara da shekaru kuwa ita ce ciyawar. Neman shari'a a kan masu kisa daidai ne, amma ramuwa ta Ubangiji ce.

Ikkilisiya ma tana da hakki. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa matakan gyara, daga magana a keɓe har zuwa gaban taro. Idan majalisar dattawa tana sa talaka ƙarƙashin horo tana kau da kai ga mai babban zakka, ta bi sawun Eli. Idan kuma wanda aka hora ya tuba, 2 Korantiyawa 2:6-8 ya umarta a gafarta masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Kammalawa

Yesu ya rufe zancen Siluwam da misalin itacen ɓaure da ya shekara 3 ba 'ya'ya. Mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki. Duk mai numfashi a yau yana cikin wannan shekarar ce, ba wanda ya san ranar da za ta cika.

Tambayoyin Tattaunawa

1. Yaya mai bi zai bambanta horon Allah da wahalar da ke samun kowa?
2. Me ya raba tuban Dawuda da halin 'ya'yan Eli?
3. Wane tanadi ikkilisiya take da shi domin maido da wanda ya gama horo?