Yadda Ake Yin Carbi Mai Haske a Duhu

Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san carbin nan da alhazai kan zo da shi tsaraba. Da rana ba ya ɗaukar ido, fari-fari ne da ɗan shigen kore. Amma da an ɗauke wuta, sai ka hango shi rataye a ƙusa yana haske kamar maƙesu. Muna yara mun ɗauka albarkar Makka ce. Ashe ba haka ba ne, kuma ba irin hasken maƙesu ba ne: maƙesu ne ke haɗa haskensa da kansa. Shi carbi rancen haske yake ci daga rana, ya yi ta biya kaɗan-kaɗan cikin dare.

Asirin yana cikin wani gari da ake cuɗawa da robar carbin, kuma irin wannan gari yana da dogon tarihi. Wajen 1603 wani baduku a Bolonya ta Italiya, Vincenzo Casciarolo, ya gasa wani dutse da gawayi, ya ga yana haske a duhu. Daga baya aka daɗe ana amfani da haɗin zinki da farar wuta da ɗan tagulla, sai dai haskensa ba ya jimawa. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da garin da ya fi shi haske da daɗewa wajen ninki goma, wanda ke kai wa asuba.

Ƙashin bayan wannan gari abu biyu ne: sinadarin sitirontiyam da alumina. A nan ne zancen ya zo gida, domin farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, in ta tsarkaka, kusan kashi 39 cikin 100 nata alumina ce. Masu binciken sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha fitar da ita daga ƙasar Ƙanƙara: a wanke, a gasa, a jiƙa da asid, a tace, a sake gasawa. Ina jin ciwon ganin ana loda farar ƙasar ɗanya a tirela ana wucewa da ita.

To, a masana'anta sai a auna sinadaran nan biyu, a barbaɗa musu wasu ma'adinai masu wuyar samu, yurofiyam da disforosiyam, waɗanda mafi yawansu daga Sin ake haƙo su. Ɗan kaɗan ake sawa, kamar kanwa a miyar kuka. Yurofiyam ne ke ba da koren hasken, disforosiyam kuma ya sa shi daɗewa. A ƙara ɗan asid na boron don haɗin ya kama, a niƙa su tare har su zama ɗaya.

Gashi shi ne babban aiki. Ana sa haɗin a tanderu mai zafin wajen digiri 1,300 na tsawon sa'o'i, kuma dole a hana iskar da muke shaƙa shiga. Wasu kan hura iskar naitirojin da ɗan haidirojin, wasu su kewaye tukunyar da gawayi ya cinye iskar. In aka yi sakaci a nan, yurofiyam ba zai zauna yadda ake so ba, an yi asarar kaya ke nan. Tsatsar ƙarfe ma kashe hasken take yi, shi ya sa farar ƙasa mai jan ratsi sai an sha wahalar tsarkake ta.

Abin da ke fitowa dunƙule ne mai tauri. A farfasa, a tankaɗe. Kada a niƙa shi lilis, don mai tsaki-tsaki ya fi haske. Ruwa na lalata shi, saboda haka akan lulluɓe ƙwayoyin da wani siririn rufi. Daga nan a cuɗa da narkakkiyar roba mai garai-garai, a zuba a mazubi mai ramukan 'ya'yan carbi, a bari ya huce, a shirya 33 ko 99 a zare.

Irin wannan cuɗi bai fi ƙarfin mai fenti na gari ba, sai dai shi da banis zai cuɗa a maimakon roba. In ya samu garin, sai ya fara shafa farin fenti a wurin da yake so ya yi haske, ya bushe. Ya dama awo ɗaya na gari da awo uku ko huɗu na banis marar launi, da tsinken itace, ya shafa sau biyu ko uku. Bakin rijiya, dokin ƙofa, matakalar masallaci, duk sun cancanci wannan shafen a ƙauyen da ba lantarki.

Sauran kuma ciyar da garin haske ne. Rana ta fi komai, sai tocilar duba kuɗi da ke cika shi nan take, sai farar tocila. Jan hasken aci-balbal bai cika ƙosar da shi ba. A cikin ƙwayar garin akwai wasu ƙananan tarkuna da ke riƙe ƙarfin hasken, ɗumin ɗaki ne ke kwance su ɗaya bayan ɗaya. Don haka a daren bazara carbin kan yi haske sosai ya dushe da wuri, a sanyin hunturu kuwa ya yi dishi-dishi amma ya jima. Dunƙule shi a tafin hannu bayan ya fara dushewa, ka buɗe: za ka ga ya ɗan farfaɗo.