DARASI: SABON MAI SAYARWA A GWANJON INTANET

'Yan'uwa, kowa ya san yadda a ke gwanjo. Mai gwanjo ya ɗaga kaya, jama'a su yi ta tayawa, wanda ya fi kowa tayi shi a ke sallama wa. A kasuwa mai saye ya kan taɓa kaya, ya juya su, ya dubi fuskar mai su. Amma a gwanjon intanet ba haka ba ne. Mutum zai aika da kuɗinsa ga baƙon da bai taɓa gani ba, domin kayan da hotonsu kaɗai ya gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi kuwa a nan ba gani, sai ji. To, ƙaƙa sabon mai sayarwa, wanda ba wanda ya san shi, zai sa a amince da shi? Abin da za mu bincika ke nan a wannan wata.

1. Mafarin Abin

A shekara ta 1995 wani mutum a Amurka, mai suna Pierre Omidyar, ya buɗe kasuwar gwanjo a intanet, wadda a 1997 aka sa mata suna eBay. Cikin kayan da aka fara sayarwa akwai wata 'yar fitilarsa mai kama da alƙalami, irin wadda malamai su ke nuni da haskenta. Fitilar ta lalace, ya kuwa rubuta a fili cewa ta lalace. Duk da haka wani ya taya ta dala 14 da santi 83. Omidyar bai yi hanzarin karɓar kuɗin ba. Sai da ya aika ya tambayi mutumin ko ya gane ba ta aiki, mutumin ya ce ya sani, sa'an nan aka gama ciniki. Ku riƙe wannan labari, gama dukan darasinmu yana cikinsa.

2. Shaidar Masu Saye

A 1996 kasuwar nan ta fito da wata dabara. Bayan kowane ciniki mai saye ya kan ba da shaida a kan mai sayarwa, ko ta yabo, ko ta zargi, ko ta tsaka-tsaki. A kan lissafa yabon da mutum ya samu cikin wata 12 da suka wuce, a rubuta kusa da sunansa domin kowa ya gani. Daga baya abin ya yi ta canzawa, har a 2008 aka hana mai sayarwa ya zargi mai saye, domin kada tsoron ramuwa ya hana mutane faɗin gaskiya.

Shaidan nan tana da daraja ta kuɗi. Waɗansu malaman jami'a a Amurka sun gwada, suka buga sakamakon a 2006. Suka sa wani sanannen mai sayar da tsofaffin katunan hoto ya sayar da kaya iri ɗaya, rabi da sunansa da aka sani, rabi da sababbin sunaye. Sanannen sunan ya fi samun kuɗi da misalin kashi 8 cikin 100. Mutum ɗaya ne, kaya ɗaya ne, suna kaɗai ya bambanta. Saboda haka kada sabon shiga ya yi fushi in an taya kayansa da araha. Bai riga ya yi suna ba tukuna.

3. Hanyar Yin Suna

Na fari, ka soma da ƙananan kaya masu sauƙin kuɗi da sauƙin aikawa. Ba mai ba baƙo ajiyar saniya sai ya gwada shi da kaza. Masu kasuwar ma su kan ƙayyade yawan abin da sabon shiga zai sayar a wata, su kan kuma riƙe kuɗinsa kwanaki kaɗan har kaya su isa. Wannan ba wulakanci ba ne, gwaji ne.

Na biyu, ka faɗi aibin kayanka kafin a tambaye ka. In agogo ne mai tsaga a gilashi, ka rubuta haka, ka ɗauki hoton tsagar da kanka a wuri mai haske. Kada ka ari hoton sabon agogo daga wani wuri. Wanda ya sayi abu da sanin aibinsa ba shi da ƙara a kanka. Wanda kuwa ya tarar da aibin bayan ya buɗe ƙunshi, zai mai da kayan, ya karɓi kuɗinsa, ya kuma bar maka zargi. Ka tuna, zargi ɗaya cikin shaida 1,000 ba ya nauyi, amma zargi ɗaya cikin shaida 5 kashi 20 ne cikin 100.

Na uku, ka bayyana kuɗin aikawa tun da fari, da ranar da za ka aika, da sharaɗin mai da kaya. Ka cika ranar da ka faɗa. Ka ɗaure kaya da kyau, ka ba mai saye lambar da zai bi sawunsu da ita.

Na huɗu, ka amsa tambaya da sauri, da ladabi. In kuskure naka ne, ka amsa laifi, ka biya. Hasarar yau ta fi sauƙi a kan ɓacin suna.

4. Gajeriyar Hanya Mai Rami

Akwai jaraba guda da ta ke kama sabon shiga, watau ya sa ɗan'uwansa ko abokinsa ya yi ta tayin ƙarya domin kuɗi ya hau, ko shi kansa ya buɗe suna na biyu ya taya kayansa. Kasuwar ta hana wannan. A shekara ta 2000 wani lauya a Amurka ya sa wani zane a eBay, ya soma da santi 25. Ya riga ya yi wa zanen alamar ƙarya domin a zaci aikin wani mashahurin mai zane ne. Shi da abokansa suka yi ta tayawa da sunaye dabam dabam, har tayi ya kai dala 135,805. Amma asiri ya tonu, aka soke cinikin. A 2001 ya amsa laifinsa a gaban shari'a, aikin lauya kuma ya kuɓuce masa. Lalle ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku gwama mutanen nan biyu. Mai fitila ya faɗi aibin kayansa har sau biyu, ya sami dala 14, kasuwarsa kuwa ta kai ƙasashen duniya. Lauya ya ɓoye gaskiya, aka taya masa dubbai, bai ci ko santi ɗaya na cinikin nan ba. Ɗan'uwa, in za ka shiga wannan sana'a, ka shiga da haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me mai fitila ya sake tambayar mai saye?
2. Me ya sa zargi ɗaya ya fi cutar sabon mai sayarwa?
3. In abokinka ya roƙe ka ka taya kayansa da ƙarya, me za ka ce masa?