Darasi: Wa Ke da Ikon Hana Gini a Ƙauye?

Da yawan mutane suna cewa, fili nawa ne, zan gina abin da na so. Gaskiya ne fili nasa ne. Amma gini yana da doka. Wanda ya ƙi bin ta, yana iya wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa.

Wa ke yin dokar?

Gwamnatin jiha ce ke yin dokar tsarin gari da gine-gine. A shekarar 1992 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 88 a kan tsarin birane da yankuna. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan aiki na jihohi ne. Don haka dokar wata jiha tana iya bambanta da ta maƙwabciyarta.

Ina aikin ƙaramar hukuma?

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Su ne suka fi kusa da talakawa. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin birni yana hannun gwamna. Filin da ke wajen birni kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama a kansa. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, da sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba. Shi ya sa take da bakin magana idan gini ya tare hanya ko ya toshe kwata.

A manyan birane, hukumar tsara birane ta jiha ce ke duba zanen gini. A ƙauye kuwa, mai gini ya fara zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ofishin filaye ko sashen ayyuka. Su za su nuna masa inda zai nemi izini.

Me ake dubawa?

Kada gini ya ci hanya. Kada a yi shi a kan hanyar ruwa. Kada a yi shi a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Duba-gari kuma zai duba masai. A haƙa shi nesa da rijiya, kamar mita 30.

Idan an saɓa fa?

Da farko ana ba mutum takardar gargaɗi, ko a ce ya dakatar da aiki. In ya yi kunnen ƙashi, ana iya kai shi kotu, ko a rushe ginin. Gwamnati tana biyan diyya idan ta karɓi halattaccen gini don aikin jama'a. Amma wanda ya gina a kan hanya, da wuya ya sami ko kwabo. Kuɗin gyaɗa da na shanu sun tafi ke nan.

Mai gini ma yana da haƙƙi. Duk kuɗin da ya biya, a ba shi rasit. Ya ajiye takardunsa wuri mai kyau. Shaidar dagaci ko mai unguwa tana da amfani, amma ba ita ce izinin gini ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wa ke yin dokar gini?
2. Wa ke ba da takardar fili a ƙauye?
3. Faɗi wurare uku da ba a gini a kansu.