Daga Ina Sanyin Masallacin Madina Yake Fitowa?

Wani mai sauraronmu daga Tambuwal, wanda ya sauke farali, ya ce ya ji sanyi ko'ina a Masallacin Annabi, amma bai ga na'urar sanyaya ɗaki a bango ba. Yana tambaya: daga ina sanyin yake zuwa, kuma za a iya yin haka a Tambuwal ko Kebbe?

To Alhaji, manyan injinan sanyayawar ba a masallacin suke ba. Suna wata tasha mai nisan kusan kilomita 7, wadda aka gina lokacin faɗaɗawar Sarki Fahd. Can ake sanyaya ruwa, a turo shi ta manyan bututu cikin ramin ƙarƙashin ƙasa. A masallacin, iska ta bi ta kan bututun ta yi sanyi, ta fito daga gindin ginshiƙai. Ruwan da ya kwashi zafi ya koma tasha a sake sanyaya shi.

Wasu biranen da ke sanyaya unguwanni da irin wannan tsari suna ƙarawa da dabarar ajiya: da dare, sa'ad da buƙatar lantarki ta ragu, sai a daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara ko a tara ruwan sanyi a tanki, a yi amfani da shi da azahar.

A garuruwanmu kuwa, shimfiɗa bututu unguwa-unguwa zai yi tsada matuƙa, ga wuta ba ta tsayawa. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne ajiyar: lantarkin hasken rana ya yi ƙanƙara da rana, ta sanyaya ɗakin haihuwa da ma'ajiyar magani na asibiti cikin dare, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40.