Babur Mai Caji Zai Iya Yashin Mayahi?

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne, gidana yana Tasawa, amma ina koyarwa a wani ƙauye ta wajen Mayahi, tafiyar kilomita 20, rabi jar hanya rabi yashi. Kuɗin esansi ya ishe ni. Da na je Maraɗi na ga wani babur mai caji, irin mai ƙananan ƙafafun nan. Mai sayarwa ya ce wat 3000 ne, yana gudun 80, kuma caji ɗaya yana kai kilomita 100. Ni da ƙanena da ke kabu-kabu a cikin gari muna shawarar mu sayar da namu mu koma wa irinsa. Me kuka gani? Daga wani mai karatu, Tasawa.

AMSA: Allah ya saka da alheri da ka yi tambaya tun kuɗin suna aljihunka, don yawanci sai batir ya kumbura ake tuna mu.

Lambobi uku mai sayarwa ya ba ka, ya riƙe ta huɗu, alhali ita ce mai maganar. Wat 3000 ƙarfin ja ne kawai. Yana gaya maka yadda babur zai fizga idan ka murɗa, bai ce komai ba game da nisan da zai kai ka. Nisa yana cikin batir. Idan ka koma, ka ce a buɗe maka shi. Za ka ga lamba biyu a jikinsa, ɗaya da harafin V ɗaya da Ah, misali 72V da 20Ah. Ka ninka su: 72 sau 20 ya ba da 1440. Wannan shi ne girman tankinka, ana kiransa wat-awa. To, injin da ke zuƙar wat 3000 idan aka murɗe shi har ƙarshe, zai shanye 1440 kafin rabin awa ta cika. Rabin awa a gudun 80 kuwa kilomita 40 ne, ba ma cikakku ba. Ka ga ke nan gudun 80 da kilomita 100 ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya. Ba lalle mutumin ƙarya ya yi maka ba. Irin wannan lamba a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ake samo ta, da mahayi guda marar jiki, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Kai kuwa tafiya da dawowa kilomita 40 ne cif, da jakar littattafai, wata rana da buhun gero da iyayen yara suka ba ka, ga iskar hunturu tana tura ka baya.

Sai yashi, wanda a ganina shi ne zai yanke hukuncin. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Mayahi, ko ya tsallaka Gulbin Kaba da rani, ya san abin da ke fitar da babur: dogayen ƙafafu da giya ta ɗaya. Kasea ko Boxer ɗin da kake hawa ƙafarsa inci 17 ce ko 18. Wancan na Maraɗi 10 ne ko 12, cikinsa kuma yana dab da ƙasa, an ƙera shi don titunan biranen Sin. Babbar matsalarsa ma ba a ganinta da ido. Injinsa a cikin ƙafar baya yake, ba sarƙa, ba giya. A kan kwalta wannan daɗi ne, babu abin da zai tsinke ko ya buƙaci mai. Amma idan ƙafar ta nutse a yashi tana juyawa a hankali, kai kuma kana ƙara murɗawa, wutar da ke shiga ba ta zama gudu, zafi take zama. Akwai wani ɗan akwati da ke raba wuta tsakanin batir da inji. Idan na kirki ne zai yanke da kansa har ya huce, idan na araha ne zai ƙone. Ko wanne ne, kai ne a tsaye tsakar jigawa da abin da ya fi ƙarfin turawa.

Akwai kuma ƙaya. Aduwa ba ta san babur na zamani ba. Wayoyin injin ta tsakiyar ƙafar baya suke fita, don haka mai facin da bai saba ba zai iya tsinka su wajen kwance taya. Facin dala hamsin sai ya zama tafiya Maraɗi ko Kano neman makaniki. Da damina kuwa, ka san yadda tafkunan Tasawa ke tumbatsa su kwanta a hanya. Yayyafi ba ya cutar da shi, amma ruwan da ya haura tsakiyar ƙafa yana shiga inda bai kamata ba, ɓarnar kuma sai bayan makonni take bayyana.

Batirin kansa iri biyu ne, kuma a nan aka fi cutar mutane. Akwai na dalma, ɗan'uwan batirin mota, akwai na litiyom, ɗan'uwan na wayar hannu. Na dalma ya fi araha, shi ya sa yawancin babura masu sauƙin kuɗi shi ke cikinsu. Idan 72V ne, batir shida ne ƴan 12V aka jera, nauyinsu ya kusa kilo 40. Caji ɗari uku zuwa ɗari huɗu yake yi kafin ya fara sanyi, wato ga mai hawa kullum shekara ɗaya da ƴan watanni, kuma ba ya son a shanye shi ƙarƙaf. Na litiyom bai kai rabin wannan nauyi ba, yana daɗewa ninki-ba-ninki, musamman wanda aka rubuta wa LFP, wanda kuma ya fi jure zafi. Kada ka tsaya ga takardar da aka liƙa. Ka ɗaga shi da hannunka, nauyi ba ya ƙarya.

Dukansu biyu maƙiyinsu zafi ne, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu awon zafinmu yana wuce 40 a inuwa. Masu ƙera batirin litiyom suna hana a yi masa caji idan zafin jikinsa ya haura 45, kuma babur da ya dawo daga tafiya da azahar ya riga ya wuce nan. Sai a bar shi ya huce, a inuwa, sannan a jona, da cajarsa ta asali ba ta aro ba. Kada a jona shi a zaure ko bakin ƙofar ɗakin da ake kwana, kada kusa da zana ko rumbu. Ba tsoratarwa nake yi ba. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, a watan Fabrairun 2024, gobarar da ta tashi daga inda ake ajiye irin waɗannan babura a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. A New York ta Amurka gobarar batirin litiyom ta kashe mutum 18 a shekarar 2023. Wutarsa ba ta jin bokitin ruwa guda, hayaƙinta kuma guba ne.

Yanzu kuran. Caji daga ƙasa har sama yana cin awa shida zuwa takwas. Wutar da jihohin Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna dogara da ita daga Katsina take shigowa ta Gazawa, nan kusa da ku. Ba sai na tuna maka watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin saboda takunkumin CEDEAO, aka zauna haka har watan Maris na 2024. Wanda ya sayar da baburinsa ya koma mai caji a wancan lokaci, da ƙafa zai riƙa zuwa aiki. Idan kuma za ka tayar da janareta don ka yi caji, to esansin da ka gudu ne ka sake saye ta ƙofar baya.

Amma a faɗi gaskiya, esansi ma ba aminin kowa ba ne. Tun da Shugaba Tinubu na Najeriya ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ruwa-ruwan da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya ya daina zama rahusar da aka sani. Matatar SORAZ tana nan Damagaram tun 2011, ganga dubu 20 a rana, duk da haka an sha dogon layi a gidajen mai a watan Maris na 2025. Rana kuwa babu mai rufe mata iyaka. Faifan sola mai wat 300 yana tara abin da ya kusa kilowat-awa ɗaya da rabi a yini idan ana share masa ƙura, don haka biyu sun isa su cika batirin da muka yi misali da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, lokacin da rana ke bugawa a gida, babur yana makaranta. Idan makarantarku ko ɗakin shan maganin ƙauyen yana da sola mai ƙarfi kuma an yarda ka jona, lissafin ya ɗan sauya. Idan babu, sai an ƙara wani batir na ajiya a gida, kuɗin ya sake hawa.

Ga lissafin aljihu. Babur irin naka yana shan lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100. A farashin da gwamnati ta sa a watan Yulin 2024, sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, kusan jika ɗaya da ƴan kai ke nan, ban da baƙin mai da fulogi da sarƙa. Mai caji zai ci kilowat-awa uku zuwa huɗu a wannan nisa. Ka duba takardar NIGELEC ta gidanka ka ninka. Ko da a ce dala talatin ne kowane kilowat-awa, rabin kuɗin esansi ke nan ko ƙasa. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai ka tambayi kuɗin sabon batir, ka raba shi da watannin da zai yi, ka ɗora a kai. Da na dalma, sau da yawa abin da ka tara a shekara shi za ka miƙa a sayi wani.

Maganar ƙanenka daban ce, kuma ta fi taka armashi. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, tsaya-tafi-tsaya, nan ne babur mai caji ya fi kowa. Ba ya cin komai yayin da ake jiran fasinja. Abin da ke kashe ɗan kabu-kabu shi ne zaman jiran caji, don awa shida na rana cinikin yini ne. Inda abin ya karɓu, wata dabara aka yi. A Kigali ta Ruwanda kamfanin Ampersand, a Kwatano da Lome kamfanin Spiro, batir ba na mai babur ba ne. Idan ya yi ƙasa sai ka shiga tasharsu, a zare a sa maka cikakke cikin ƴan mintoci, ka biya kamar ka sha mai. Tsufan batir matsalar kamfani ce. Har Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan mai rajista a Kigali daga Janairun 2025. Ka lura kuma, baburan nasu masu dogayen ƙafafu ne, ƙirar Boxer, ba irin wanda ka gani ba. Idan ƙanenka zai gwada, irin wannan ƙirar zai nema, mai batirin litiyom da ake cirewa, ya kuma tanadi na biyu.

Wani abu da ban so in wuce shi: shirun. Mu da kunne muke tsallaka titi. Ranar kasuwa a Tasawa, ga amalanken shanu, ga jakai, ga ƴan talla, ga awaki, kowa ƙarar inji yake ji ya kauce. Mai caji kuwa ba a jin zuwansa, kuma ƙarfinsa gaba ɗaya yake zuwa da murɗawar farko. Idan an ninka gudu biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa huɗu yake yi. Haka nan idan ka ajiye shi da makulli a jiki, ba alamar yana kunne, yaro zai iya murɗawa ya tafi da shi cikin bango. A Turai abin da ake kira keke mai caji bai wuce wat 250 ba, injinsa kuma yana sakin ka a gudun 25. Sin ma, inda ake ƙera su, 25 ta ƙayyade wa kekunanta. Mai wat 3000 babur ne cikakke, ko da mai sayarwa ya ce maka keke ne ba ruwansa da takardu. Ka karɓi takardar duwan, ka sa hular kwano. Shi kuwa ɗan siririn nan da ake hawa a tsaye, wanda yara ke gani a waya suna sha'awa, ko birnin Paris ya kori na haya a 2023, balle a kawo shi inda rami ke gaishe da rami.

Shawarata ke nan, Malam: kai ka riƙe baburinka, ka gyara kabireta, ka riƙa duba iskar taya. Kada ku sayar da biyun lokaci guda. Idan kuna son gwaji, ku haɗa ku sayi guda don cikin gari, bisa sharaɗi uku. A cika batir, ku hau ku biyu a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram har ya nuna ja, ku ga kilomita nawa da idonku. A rubuta muku lamunin batir, wata nawa ne, da sa hannu. A kuma nuna muku inda ake samun akwatin raba wutar nan da caja, da wanda ya iya sa su. Mai shagon da ya ƙi ko ɗaya daga cikin ukun, ku yi masa sallama cikin mutunci.

Idan ya yi bazara ɗaya da damina ɗaya a hannun ƙanenka, ku rubuto mana nisan da caji ɗaya ke kai shi a lokacin. Akwai masu karatu a Agye da Gazawa da za su so jin wannan lamba.