Darasin Kimiyya: Ƙuda, Kyankyaso Da Zaƙin Sukari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ka taɓa lura da ƙuda in ya sauka a bakin kofin shayi? Sai ya ɗan taka nan, ya taka can, sannan ya miƙo baki. To ɗanɗanawa yake yi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya masa abin ɗanɗano a ƙafafu da baki. Wasu 'yan gasu ne ƙanana ƙwarai, kowane da 'yar kafa a tsininsa. A cikin gashin akwai ƙwayoyin jijiya biyu zuwa huɗu, wata ta zaƙi, wata ta ruwa, wata ta gishiri, wata ta ɗaci.

Da zarar sukari ya shiga kafar nan, sai ƙwayar zaƙi ta aika saƙo ƙwaƙwalwa da sauri. Amma in sukarin ya zauna, cikin 'yan daƙiƙu sai saƙon ya fara raguwa. Wannan shi ne sabo. Kai ma ka san shi: sha alewa, sannan ka kurɓi shayi, za ka ji kamar an manta sukari.

A shekarar 2019, masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun ciyar da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace abinci mai sukari da yawa na 'yan kwanaki. Sai ƙwayoyin zaƙinsu suka dushe. Da ba su jin zaƙin sosai, sai suka ƙara ci, har suka tara kitse.

Labarin kyankyaso kuwa ya fi ban mamaki. A shekarun 1980, Amurkawa sun riƙa gauraya guba da wani irin sukari mai suna gulukos, kyankyasai na ci suna mutuwa. Can sai maganin ya daina ci a wasu gidaje. A 1993, Jules Silverman ya ba da rahoton cewa kyankyasan gudun sukarin suke yi. A 2013 aka gano dalili a wata jami'a ta Jihar Karolaina ta Arewa: a bakin waɗannan kyankyasai, gulukos yana tayar da ƙwayar ɗaci. Wato zaƙi ya koma musu ɗaci. Masu wannan hali su suka tsira, suka gadar wa 'ya'yansu. Sai dai girmansu ya fi na sauran jinkiri. Subhanallah!

To me muka koya? Kai ba ƙuda ba ne, amma harshenka ma yana sabawa. Yaron da ya saba da cokali huɗu a shayi ko koko, biyu ba za su yi masa ba. Yawan sukari kuwa yana ɓata haƙora, yana jawo ƙiba, ƙiba kuma tana kusantar da mutum ga ciwon sukari. Addininmu dama ya hana almubazzaranci a ci da sha.

Iyaye, a rage wa yara sukari kaɗan-kaɗan, harshe zai sake sabawa. A kuma rufe abinci, a share ɓurɓushi, don guba kaɗai ba ta gama da kyankyaso.

Tambayoyi:
1. Da me ƙuda ke ɗanɗano?
2. Me ya sa wasu kyankyasai ke gudun gulukos?
3. Cokali nawa kake zubawa a shayinka?

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.